Bin Sawun Giwa a Dajin Yankari

Duk wanda ya tashi a Bauchi ya san sunan Yankari tun yana ƙarami, amma yawancinmu abin da muka sani game da wurin bai wuce ruwan Wikki da hotunan da ake ɗauka a bakinsa lokacin hutun Sallah ba. Abin da ya kai ni wannan karon daban ne. A shekarar 2024 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da wani shiri na shekara 10 domin ceto giwayen Nijeriya, kuma a bayanin shirin an nuna cewa giwayen da suka rage a ƙasar nan baki ɗaya ba su wuce 300 zuwa 400 ba. Ɗaya daga cikin manyan garkunan da suka saura yana nan jiharmu, a ƙaramar hukumar Alkaleri. Sai na ga ya kamata in je in ga yadda ake tsaron su, in kuma ji daga bakin mutanen da suke kwana suna tashi da su.

Mun bar garin Bauchi bayan sallar asuba a cikin watan Maris, lokacin da zafin bazara ya fara kankama, domin waɗanda suka san dajin sun ce ƙarshen rani ne lokacin ganin namun daji, sa'ad da ciyawa ta bushe, kududdufai suka ƙafe, dabbobi suka koma dogaro da kogin Gaji. Muka bi titin Gombe har Dindima, inda hanya take haye kogin Gongola, sannan muka karkata kudu zuwa Mainamaji, ƙauyen da babbar ƙofar gandun take. An keɓe wannan daji a shekarar 1956, zamanin gwamnatin Jihar Arewa, aka buɗe shi ga masu ziyara a watan Disamba na 1962. A 1991 ya koma hannun gwamnatin tarayya, sannan a 2006 aka mayar da shi ga jihar Bauchi. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, kuma duk wannan faɗi babu katanga ko wayar da ta kewaye shi.

Rashin katangar nan shi ne abin da na riƙa tunani a kai tun daga ƙofa har sansanin Wikki, tafiyar da ta haura kilomita 40. Kafin ƙofa gonaki ne ta ko'ina, an girbe dawa an bar kututturen kara, shanu suna kiwo a ciki, itatuwa kuma jefi-jefi. Da muka shige sai ƙasar ta sauya kama: marke da kawo da ƙirya da taura sun tsaya kafaɗa da kafaɗa, ga manyan kukoki da ba wanda ya taɓa sassaƙar ɓawonsu ko ya zage ganyensu. Tsakanin gonar manomi da dajin giwa babu komai sai alamar iyaka da mutane suka yarda da ita, ita kuwa giwa ba ta da labarin wannan yarjejeniya.

Ba zan tsawaita a kan sansanin ba, domin an sha ba da labarinsa. Ruwan Wikki yana ɓulɓulowa daga ƙarƙashin wani dutse, garau da shi har ana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa kuma yana tsaye a kan digiri 31 dare da rana, rani da damina. Gwaggon biri da gadu suna yawo a tsakanin ɗakuna, kuma tun da muka sauka aka ja mana kunne da mu rufe ƙofa mu ɓoye abinci. Inda na fi daɗewa shi ne ɗan gidan adana kayan tarihi da ke sansanin. A ciki akwai fatu da ƙasusuwa da ƙahoni da haure, a gefe kuma ga kayan da aka ƙwace daga hannun mafarauta: bindigogin gargajiya, tarkunan ƙarfe masu haƙora, da zargen waya. Na tsaya ina duban zargen nan, wayar da ba ta da wani tsada, wadda ake ɗana ta domin gada ko mazo, amma ba ta zaɓen ƙafar da za ta kama. Ma'aikacin da ke wurin ya ce idan ta kama ɗan giwa a ƙafa ko a hanci, ƙara ja yake yi tana ƙara shiga nama, sau da yawa kuma miki ne yake ƙarasa shi a hankali.

Haure shi ne ya jawo wa giwa mafi yawan bala'inta. Tun 1989 yarjejeniyar CITES, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan cinikin namun daji da tsirrai, ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe, kuma ƙasar Sin, wadda ita ce babbar kasuwarsa, ta rufe cinikin cikin gida a ƙarshen 2017. Duk da haka fasa-ƙwauri bai tsaya ba, kuma abin takaici ne cewa ƙasarmu ta yi suna a matsayin mashigar da ake bi da hauren da aka kwaso daga wasu ƙasashen Afirka zuwa Asiya. A watan Janairu na 2024 hukumomi sun niƙe kimanin tan 2.5 na hauren da aka kama, a bainar jama'a a Abuja. Wanda ya taɓa ɗaga haure guda ya ji nauyinsa zai iya ƙiyasta yawan rayukan da ke cikin wannan tulin.

Washegari da sassafe muka hau buɗaɗɗiyar motar zagaya daji tare da jagora da wani mai gadin daji riƙe da bindiga. Jagoran mutum ne mai matsakaicin shekaru, ba shi da yawan magana, idonsa kuma kullum yana ƙasa. Mun ga gwambaza a bakin fadama, mun ga mazo ya gifta, mun hango garken ɓauna sun ɗaga kai suna kallonmu, ƙudan tsando kuma bai bar mu mun sake ba. A wani wuri da hanya ta gangara zuwa rafi, sai jagoran ya buga jikin mota, direba ya tsaya, ya ce mu sauko amma kada kowa ya yi nisa.

A kan yashi ga sawu nan, faɗinsa kamar faifai, da tsage-tsagen tafin ƙafa a zane ɓaro-ɓaro. Jagoran ya tsuguna ya nuna mana cewa sawun ƙafar gaba kewayayye ne, na baya kuma ya ɗan yi tsawo, ya kuma nuna inda yashi ya ture a gaba, wanda shi ke nuna inda dabbar ta dosa. Ya ciro igiya daga aljihu ya kewaya sawun gaba da ita, ya ninka tsawon biyu, ya ce gwargwadon tsayin giwar ke nan daga ƙasa zuwa kafaɗa. Igiyar ta wuce tsayin kowannenmu nesa ba kusa ba. A cikin manyan sawayen akwai wasu ƙanana da suke shiga suna fita, nan fuskar jagoran ta saki.

Ya ce, “Malam, ka ga wannan? Ɗan bana ne. In dai ana haihuwa, to aikinmu yana tafiya.”

Kaɗan gaba muka iske kashin giwa a tsakiyar hanya, dunƙule-dunƙule, buzuzu sun riga sun fara aiki a kansa. Jagoran ya sa sanda ya fasa ɗaya, ya kara bayan hannunsa ya ji ko da sauran ɗumi, ya ce da tsakar dare suka wuce. Cikinsa duk zaren ciyawa ne da ɓawon itace da ƙwallayen aduwa waɗanda ko ƙwarzane ba su yi ba. Babbar giwa takan ci abin da ya kai kilo 150 a yini, ta sha ruwa fiye da lita 100, amma cikinta ba ya narkar da ko rabin abin da ta ci. Saboda haka take tafe tana shuka daji: iri ya fita daga cikinta a nesa da uwar itaciyar, a lulluɓe da takinsa. Haka kuma hanyoyin da take fasawa a cikin kurmi su ne ƙananan dabbobi ke bi zuwa ruwa, rassan da take karyowa kuma su ne gada da mazo suke samun ganye daga gare su a tsakiyar rani. A jikin wata tsamiya mun ga busasshen laka a sama da kanmu, inda wata ta tsaya ta sosa jikinta bayan ta yi birgima a taɓo.

Da safen nan sawu kawai muka gani. Jagoran ya ce baƙi da yawa sukan zo su koma ba su ga giwa ba, har wasu su yi ƙorafi, alhali dalilin a fili yake: garken da ya sha harbi shekara da shekaru ya koyi nesanta kansa da ƙarar mota da warin mutum, ya fi son kurmi mai duhu da tafiyar dare. Giwa dabba ce mai riƙe abu a ka, tana kuma iya rayuwa shekara 60 zuwa 70, don haka manyan da ke jagorantar garken a yau sun ga zamanin da ake kashe 'yan uwansu da idonsu. A ganina bai dace baƙo ya zargi dajin a kan wannan ba.

Sai da la'asar sakaliya Allah ya nufe mu da ganinsu. Muna tsaye a kan wani tudu da ke kallon fadamar Gaji, mai gadin ya ɗaga hannu, aka kashe mota. Da fari ƙarar karyewar reshe muka ji, sannan wani gurnani mai kauri wanda mutum ya fi jin sa a ƙirji. Can sai wata babbar uwa ta fito daga cikin itatuwa, ta tsaya cak, ta ɗaga hanci sama tana shaƙar iska, kunnuwanta a buɗe. Ta daɗe a haka, babu wadda ta motsa a bayanta. Da ta gamsu ta sauke hanci ta taka zuwa ruwa, sai sauran suka biyo ta a jere, mata da matasa, ƙanana kuma a tsakiya ta yadda da ƙyar ake hango su ta tsakanin ƙafafu. Wani ɗan ƙarami bai iya sha da hanci ba tukuna, sai ya durƙusa ya kafa baki a ruwa, wata matashiya tana tsaye a kansa har ya gama. Jikinsu ya yi ja saboda ƙurar da suke watsa wa kansu. Ba su daɗe ba iska ta juya, uwar ta ɗaga kai, cikin ɗan lokaci kurmi ya haɗiye su baki ɗaya, kuma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda dabbobi masu wannan nauyi suka tafi ba a jin takunsu.

A hanyar komawa ne na fahimci dalilin murnar jagoran da ƙaramin sawun nan. Garken giwa na mata ne, tsohuwa ce ke ja, ita ta san inda ruwa yake a shekarar fari da hanyar da babu haɗari, toron giwa kuwa da ya balaga yakan ware. Giwa tana ɗaukar ciki wata 22, ta haifi ɗa guda, sannan ta shekara 4 ko 5 kafin ta sake haihuwa, 'yar da ta haifa kuma sai ta haura shekara 10 kafin ita ma ta fara. Dabbar da take haihuwa a wannan sannu, abin da maharbi ya ɗauke a dare ɗaya sai an yi shekaru kafin a mayar da shi, in kuma tsohuwar ya harbe, to ya tafi da sanin da garken yake rayuwa da shi. Ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a 2006 ta samu giwaye 348 a Yankari. Bayan shekarun da farautar haure ta yi tsanani, ƙiyasin da ake bayarwa ya dawo tsakanin 100 da 150. A 2021 ma ƙungiyar IUCN, mai bibiyar halin da halittun duniya suke ciki, ta sanya giwar dajin Afirka a jerin dabbobin da ke cikin haɗarin ƙarewa.

Abin da ya tsayar da zubar jinin ba wani sirri ba ne, aikin ƙafa ne. A 2014 gwamnatin jihar Bauchi ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar kare namun daji ta WCS, mai hedkwata a Amurka, domin ƙarfafa tsaron gandun, aka horar da masu gadi, aka ba su kayan aiki da guzuri, aka tsara sintiri. Bisa bayanin ƙungiyar, daga watan Mayu na 2015 an shafe shekaru ba a sake tsintar gawar giwar da aka kashe saboda haure ba. Mai gadin da ya raka mu ya ba ni labarin aikinsu da dare a gaban ɗakinmu. Sukan fita ƙungiya-ƙungiya su kwana a daji kwanaki a jere, a ƙafa, kowa da jakarsa da ruwansa, suna ɗauke da wata na'ura da ke rubuta duk inda suka taka da abin da suka gani, ko tarko, ko toka mai ɗumi a sansanin mafarauta, ko sawun shanu. An kuma ɗaura wa wasu giwaye abin wuya mai aika saƙo ta tauraron ɗan Adam, don haka daga ofis ana iya sanin inda garke yake a tura masu gadi su kasance kusa da shi. Aikin yana da haɗari, kuma an rasa rayukan masu gadi a wannan daji a hannun mafarauta. Da ya zo nan a labarinsa sai ya yi shiru, ya yi musu addu'a, muka shafa tare.

Na tambaye shi abin da ya fi damunsu yanzu, ya ce shanu. Makiyaya da burtali ya toshe musu, wurin kiwo kuma ya zama gona, sukan kora garke cikin gandu da rani saboda nan ne kaɗai ciyawa da ruwa suka rage. Shanun suna cinye abincin namun daji, suna iya kawo cuta, kuma inda zaki ya kama saniya akan samu mai sa guba a mushe, alhali Yankari na cikin wurare ƙalilan da zaki ya rage a Nijeriya. Bai yi maganar da zafi ba, domin ya ce shi ma a gidansu akwai shanu.

Kafin mu juyo gida na roƙi a kai ni wani ƙauye da ke bakin iyaka, domin na ji ana cewa a can ne ainihin shari'ar giwa take. Muka iske wani dattijo a gindin ɗorawa yana gyaran fartanya. Bayan gaisuwa da tambayar iyali na ce, “Baba, mun zo ne mu ji yadda zamanku da giwa yake.” Ya ajiye fartanyar ya ce in biyo shi. Gonarsa tana kallon dajin kai tsaye, kuma a kusurwarta akwai wata rumfa da aka ɗaura a kan itace, da gwangwanaye a rataye a igiya. Nan yake kwana shi da 'ya'yansa tun daga lokacin da masara ta fara goyo har a kai dawa rumbu, da fitila da ganga da wuta.

Ya ce, “Ɗana, biri ɓarna yake yi, gadu ma haka, amma giwa in ta shigo, shekara take ɗauka. Abin da ba ta ci ba ta taka. Ka wayi gari ka tsaya a gonarka ka rasa abin da za ka gaya wa iyali.”

Na yi zaton zan ji ƙiyayya a bakinsa, amma ban ji ba. Ya ce kakanninsa sun zauna da giwa, kuma gaskiyarsa ne, domin rijiyoyin Dukkey da tsofaffin matoyar ƙarfe na Shau Shau da kogunan dutse na Marshall da ke cikin gandun duk shaida ce cewa mutane sun daɗe a wannan ƙasa tare da namun dajinta. Bambancin shi ne a da daji yana da faɗi, giwa tana da inda za ta bi ta wuce, yanzu kuwa gona ta zo har bakin ƙofarta ta kowane ɓangare. Abin da yake nema bai wuce biyu ba: a zo da wuri idan an kira, kuma wanda aka cinye wa gona kada a bar shi shi kaɗai da asararsa.

Na farkon an fara samun sa. A ƙauyukan da ke kewaye da gandun an ɗauki wasu matasa a matsayin masu kula da giwa, aka ba su waya, aikinsu shi ne su sanar da masu gadi da zarar garke ya doso, su kuma taya manoma kora ba tare da an kai ga harbi ba. Ɗaya daga cikinsu ya iske mu a gonar, ya durƙusa ya gai da dattijon, sannan ya bayyana mini cewa tun da aka sa abin wuyan nan, wani lokacin daga ofis ake kiransa tun giwayen suna nesa, sai ya bi gida-gida ya tashi mutane. Na biyun kuwa shi ne inda nake ganin da sauran aiki. Mu da muke zuwa daga birni mu yi wanka a Wikki mu ɗauki hoto, da jihar da take alfahari da sunan Yankari, mu ne muke cin daɗin giwa, wanda yake biyan kuɗinta kuwa shi ne wannan dattijo da bai taɓa shiga motar zagaya daji ba. Adalci ne wani kaso na abin da gandun yake samarwa ya riƙa isa waɗannan ƙauyuka a fili, ta hanyar rijiya da makaranta da tallafin iri ga wanda ya yi asara, domin maharbin da ya zo daga nesa ba ya shiga daji sai wani na kusa ya nuna masa hanya ko ya kau da kai.

Muka zauna a inuwar rumfar, hira ta koma kan dabaru. Saurayin ya kawo maganar barkono, wanda giwa ba ta son warinsa, ana kwaɓa shi da kashin shanu a busar a ƙona da dare hayaƙin ya bi iska. Na ba su labarin abin da aka gwada a ƙasar Kenya, inda ake jera amya a kewayen gona a haɗa su da waya, giwa ta taɓa wayar zuma ta tashi, ita kuwa tana tsoron harbi a ido da cikin hanci, manomi kuma ya samu zumar sayarwa. Dattijon ya saurara da kyau, ya yi tambaya a kan tazarar da ake bari tsakanin amya da amya da yadda za a yi da zumar in rani ya yi tsanani ta gudu. Daga ƙarshe ya ce bana zai janye masara zuwa bayan gida, ya sa barkono a kunyoyin da ke kallon daji, ya kuma umarci saurayin da ya zo ranar kasuwa su je wurin wani mai saƙar amya a ƙauyen gaba su ji farashi. Muka yi sallama da su bayan azahar, muka kama hanyar Dindima domin mu isa Bauchi kafin magariba.